Sanyaya kwamfuta da ruwa a tsohon madabod: a fara da awon ramuka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfutar tebur da aka haɗa mini tun da daɗewa, mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i7-2600K. Da na ɗora mata aikin haɗa bidiyo sai fanka ta kama ihu. Ina so in koma sanyaya ta da ruwa, amma duk bulok ɗin da na gani a intanet LGA1200 ko LGA1700 aka rubuta a jikinsa. Akwai wanda zai hau nawa kuwa? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai, kuma da yawa. Bulok, wato ƙarfen da ke kwanciya a kan furosesa ruwa na bi ta cikinsa, ba ruwansa da shekarun madabod, wato babban allon da furosesa ke kai. Abin da ya dame shi shi ne ramuka huɗun nan da ke kewaye da soket, gurbin da furosesa ke zama a ciki.

Furosesanka na 2011 ne, soket ɗinsa LGA1155, kuma tazarar ramukansa milimita 75 ce ta kowane ɓangare. A nan ka yi sa'a, domin Intel, kamfanin da ya ƙera shi, bai sauya wannan awon ba tun daga LGA1156 na 2009, ya bi ta 1155 da 1150 da 1151 har zuwa LGA1200 na 2020. Don haka duk bulok ɗin da aka rubuta wa 115x (wato waɗannan masu farawa da 115) ko 1200 zai zauna maka daram. Wanda za ka guje wa shi ne na LGA1700 zalla, mai milimita 78. Bambancin milimita ukun nan kamar ba komai ba ne, amma in ka matsa noti da ƙarfin tsiya, ko dai allon ya lanƙwashe ko bulok ya kwanta a karkace.  

Amma kafin ka tura kuɗi, buɗe murfi ka ɗora rula da kanka, daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na gefensa. Na faɗi haka ne musamman saboda masu Dell da HP 'yan gwanjo, waɗanda sau da yawa kamfanin ke yi musu ɗauri irin nasa, wani lokacin ma notin a jikin akwatin yake shiga. Ka kuma tabbatar mai sayarwa zai haɗo maka da farantin da ake sawa a bayan madabod da notuna. Bulok mai rufe furosesa da kewayensa gaba ɗaya kuwa, ka manta da shi, domin madabod iri guda kawai ake ƙera wa shi.

Ga abin da ake yawan mantawa: tsohuwar fankar tana hura iska har kan ƙananan kayan da ke tace wa furosesa wuta. Ka cire ta, sun rasa mai yi musu fifita. Sai ka sa wata fanka a akwatin tana kallon wajen.

Shawarata kuwa, in ihun ne kawai damuwarka, ka fara wanke ƙura, ka sake man da ke tsakanin furosesa da ƙarfe, ka sayi babbar fanka mai dogon ƙarfe a tsaye kamar hasumiya. Furosesan nan wat 95 ne, bai fi ƙarfinta ba. Bulok shi kaɗai ba ya aiki, sai da famfo da lagireto da tiyo da mahaɗai, kuma in aka tara kuɗinsu za su iya wuce darajar kwamfutar. Ruwan ma ba zai sauko ƙasa da zafin ɗakinka ba, balle a watan Afrilu.

Tambaya: Malam, na samu bulok na hannu da arha, na jan ƙarfe. Wane lagireto zan haɗa masa, kuma wane ruwa ake zubawa? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Lagireto na jan ƙarfe, ƙanena. Kada arha ta ja ka zuwa na alminiyam, domin in ƙarafan biyu suka haɗu a ruwa ɗaya, alminiyam ne ke cinyewa, dattinsa kuma ya toshe bulok. Yawancin bulok bakinsu awo ɗaya ne, wanda ake kira G1/4, don haka mahaɗai ba za su yi wuyar samu ba.

Tunda na hannu ne, kwance shi ka duba. A ciki akwai siraran layuka da aka tsaga a jikin ƙarfen, ka goge su da burushin haƙori mai laushi. Zoben robar da ke hana yoyo in ya bushe ko ya baje, sauya shi. In murfin mai haske ne, ɗaga shi a rana ka nemi tsagewa a gefen ramukan noti.

Ruwa kuwa tatacce ake so, da ɗan maganin hana gansakuka, ba na famfo ko na leda ba. In wajen masu batir za ka saya, ka tabbatar ba mai asid aka miƙo maka ba. Bayan ka haɗa, shimfiɗa tishu a ƙarƙashin kowane mahaɗi, ka kunna famfon shi kaɗai ba tare da wuta ta shiga madabod ba, ka bar shi ya kwana yana zagaya ruwa.