Tambaya da Amsa: Wai da gaske ƙwaya ake ɗura wa karnukan 'yan sanda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune teburin mai shayi aka nuna mana bidiyo a waya, wasu jami'an sherif a Amurka sun tare mota, karensu ya zagaya ya zagaya sai ya zauna a bakin but, ana buɗewa sai ga ƙunshin hodar iblis. Nan fa gardama ta kaure, wani yace ai tun yana ɗan kwikwiyo ake ba shi ƙwayar har ta kama shi, shi ya sa yake nemanta ido rufe. Da gaske ne? Kuma shi sherif ɗin waye? Daga mai karatunku a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka gaya wa mutumin naka ya biya kuɗin shayin, don ya faɗi. Kare in ya sha hodar nan mutuwa zai iya yi, wa zai kashe maƙudan daloli a horo sannan ya ba shi guba?

Sherif dai ba sharifi ba ne. Shugaban tsaro ne na gunduma, kamar ƙaramar hukuma a wajenmu, kuma a yawancin jihohin Amurka zaɓensa ake yi da ƙuri'a. Yana da yaransa, cikinsu akwai sashen karnuka da suke kira K-9. Ba ma can aka fara ba, birnin Ghent na Beljiyam ne ya fara horar da karnukan 'yan sanda a tsare tun 1899, kuma har yau da yawa daga Turai ake sayo su, shi ya sa za ka ji Ba'amurke yana ba karensa umarni da Jamusanci.

Sirrin kuwa ƙwallo ne, wallahi ƙwallo. Ana haɗa abin wasansa da warin abin da ake so ya gane, a ɓoye, in ya gano a jefa masa ya yi ta murna, a haka a haka har ya riƙe cewa wannan warin shi ke kawo ƙwallo, kaga shi a ransa wasa yake nema, bai san wata hodar iblis ba. Hancin kuma baiwa ce, ƙwayoyin jin wari a hancin kare kan kai miliyan 300, namu wajen miliyan 6. 'Yan farautarmu ba za su yi mamakin wannan ba.

Abin da bidiyon bai nuna muku ba shi ne mutumin da ke riƙe da igiyar. Kare ɗaya jami'i ɗaya, tare suke horo tare suke sintiri, in an tashi aiki yawanci gidansa yake tafiya da shi, in ya tsufa wajen shekara 8 zuwa 10 ya yi ritaya galibi shi ɗin ne dai ke riƙe shi. To wannan shaƙuwar tana da illarta, don karen na karanta jikin ubangidansa fiye da yadda ake zato. A 2011 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada jami'ai 18 da karnukansu a ɗakunan da babu ƙwaya ko bam ko ɗaya, amma aka sa jami'an suka ɗauka akwai, sai ga karnukan sun ba da alamar ƙarya cewa akwai sama da sau 200, kuma ta fi yawa a daidai inda jami'in ke zargi. Ni a ganina zaman kare a bakin but dalili ne na a bincika, ba hukunci ba ne.

Kotun ƙolin Amurka ma ta taka wa jami'an tsaro birki a 2015, tace in an tare ka kan laifin hanya kuma an gama da kai, ba za a ci gaba da tsare ka don jiran kare ya iso ba, sai in akwai wani dalilin zargi na daban.

Mu ma nan 'yan sanda na da sashen karnuka, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ma na amfani da su a filin jirgin sama na Legas. In kun koma teburin a gaida mai shayi.