Tambaya da Amsa: Me zan tambaya kafin in ba shi makullin shago?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, barka da aiki. Ina da shagon taki da maganin feshi nan Jega, ga kuma POS a gefe, to yanzu tafiya ta yi mani yawa, wani sati ina Kano wajen sari wani sati ina Argungu wajen manoma, shi ya sa nike son yaron da zai riƙe mani shagon gaba ɗai har da kuɗi. Bara na ɗauki wani, kowa na tambaya sai ya ce yaron kirki ne, har limamin unguwarsu ya yabe shi, wata huɗu kawai ya yi na iske ramin kusan dubu ɗari uku, ashe bashi ya rarraba ma abokai bai rubuta ba. Yanzu wani ya zo da lambobi uku, ta kawunshi, ta malaminsu na islamiyya, da ta wani oga da ya yi ma aiki a gidan mai a Birnin Kebbi. Dan Allah mi zan tambaye su? Wallahi na gaji da jin "yaron kirki ne".
Daga wani Alhaji mai shago, Jega.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma fa gaskiya limamin nan bai yi maka ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Yana ganin yaro a sahu, yana gaishe shi da ladabi, to me kake so ya ce? Bai taɓa ba shi jakar kuɗi ya ajiye ba. Akwai wani labari da malamai ke yawan kawowa na Sayyidina Umar, wani ya zo yana yabon wani mutum a gabansa, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ya ce a'a, ko sun taɓa tafiya tare, ya ce a'a, ko cinikin kuɗi ya taɓa haɗa su, nan ma a'a, sai Umar ya nuna masa cewa ai bai san shi ba ke nan, ƙila a masallaci kawai yake ganinsa. To auna mutanenka uku da wannan ma'aunin. Kawu ba zai tona ɗan ƴar'uwarsa ba, shi amfaninsa ya tsaya masa garanto ya sa hannu a takarda. Malamin islamiyya ka gaishe shi ka nemi addu'a. Ogan gidan man nan shi ne mutuminka.

Kuma kar ka tsaya a waya. Jega zuwa Birnin Kebbi ba wani nisa ba ne, ka shiga mota ka je gidan man da ƙafarka, don lambar da aka ba ka tana iya zama ta abokin yaron ne ya gyara murya ya zama oga, ana yi ba sau ɗaya ba. Gani ya kori ji. Ka faɗa wa yaron tun farko cewa za ka je, kar ya ji daga sama, kuma ka kalli fuskarsa lokacin da kake faɗa masa.

In kun zauna an gaisa an sha ruwa, kar ka soma da "ya halinsa", nan take zai jefo maka amsar da ka gaji da ita. Soma da abin da ba a iya yi wa kwalliya. Yaushe ya fara aiki, yaushe ya bari? Wane aiki yake yi takamaimai, a kan famfo yake yana zuba mai ko shi ke tattara kuɗin sauran ya kai banki? Nawa ake biyansa? Duk waɗannan ka riga ka tambayi yaron ka rubuta a ƴar takarda tana aljihunka, in ya ce maka shekara biyu ya yi oga ya ce wata bakwai to ka fara jin ƙamshin abin.

Sannan ka shiga maganar kuɗi, kuma ka yi sa'a don gidan mai wuri ne da ƙarya ba ta daɗewa, ana karanta mita lokacin karɓar aiki a sake karantawa lokacin tashi, lita kaza ta fita kuɗi kaza ake nema a hannunka, saboda haka ogan nan ya san yaron ciki da bai. Kar ka ce "ya taɓa sata?", ba Bahaushen da zai amsa maka e a zaman farko. Ce masa, "ranka ya daɗe, ranar da kuɗinsa bai cika ba ya yake yi?" Ka ga ka riga ka nuna ka san kowa yana samun giɓi wataran, abin da kake son ji shi ne da kansa yake zuwa ya faɗa ko sai an bincika an kama, yana biya ko sai an yanke a albashi ana rigima. Sai ka ƙara da ciwonka na bara, in abokinsa ko wani babba ya zo neman bashi yana iya cewa a'a? Don yara da yawa ba ɓarayi ba ne, kunya ce ke kashe su, kuma shagon taki a lokacin noman rani kowa "in na yanke shinkafa zan kawo" yake cewa. Ka roƙe shi ya ba ka labarin rana ɗaya da hakan ta faru. In ya kasa tuno ko ɗaya, ƙila bai san yaron yadda ake zato ba, sai ka nemi manajan da ke zama da su kullum.

Tambayar da nake ajiyewa ƙarshe ita ce, in ya dawo gobe za ka sake ɗaukar shi ka ba shi kuɗi ya riƙe? Sai ka yi shiru. Kar ka taya shi cike gurbin. Ni kaina na taɓa yi wa wani mai kanti wannan tambayar a kan wani yaro, ya daɗe yana juya hularsa a gwiwa, can ya ce "to... Allah dai ya shirya mana zuri'a", sai ya shiga tambayata ya hanya. Ban ƙara komai ba na yi sallama. Mu haka muke faɗin aibu, da "ɗan Adam ne ai", da "sai dai a yi ta haƙuri". Wanda kuwa ya ji daɗin yaro ba ya ma bari ka ƙarasa, zai ce wallahi har yau ina jin zafin tafiyarsa. In ka ga yana nauyin baki don tsoron giba ka tuna masa shawara ka zo nema, kuma ka yi alkawari maganar ba za ta fita ba, ka kuma cika.

Sai dai a yi adalci, ba kowane oga ne mai gaskiya ba, wani ya riƙe albashin yaro wata uku da yaron ya gaji ya tafi shi ne ya zama mara kunya. Shi ya sa kafin ka baro wurin ka ɗan tsaya wajen mai shayi ko mai gadi, ko wani cikin masu zuba mai, ka ji me za su ce. In ka ji abin da bai yi maka ba, koma ka tambayi yaron me ya raba shi da wurin ba tare da ka ce wane ya ce ba.

In komai ya yi daidai ma kar ka miƙa makulli ka wuce Kano. Ku yi wata guda kana nan, kullum da magariba ku ƙirga buhu ku duba POS tare, bashi kuma ba a bayarwa sai ya kira ka. Ka karɓi kwafin NIN ɗinsa da na kawun, ku rubuta albashi da sharuɗɗa a takarda kowa ya riƙe ɗaya, dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa. In ka je Birnin Kebbi ka dawo ka rubuto mana abin da ogan ya ce.