Hilux Ko Prado: Wacce Ta Dace Da Mai Iyalin Da Ke Kwana A Tanti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, ina da mata ɗaya da yara biyar, babbansu shekararsa 14, autar kuma 3. Muna da gonar shinkafa a fadamar Suru, kuma idan aka yi hutun makaranta da rani nakan kwashi iyali mu kafa tanti a gefen gonar mu yi kwana biyu ko uku. Haka muke yi lokacin bikin kamun kifi na Argungu, da yake masauki yana wuya a garin. Na tara kuɗin da zai saya mini ɗaya daga cikin biyu: Hilux mai ƙofa huɗu ko Prado ta hannu. Dillali ya ba ni shawarar Hilux, ya ce sai in sa mai walda ya yi mata rumfa a baya, a shimfiɗa katifa, manyan yaran biyu su zauna can tare da kaya. Maiɗakina ta ce ba da 'ya'yanta ba. Hankalina ya rabu biyu, domin ina tsoron in zuba tarin shekaru a kan abin da zan yi da-na-sani.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Hajiya ta fi dillalinka gaskiya, kuma zan daɗe a kan dalilin, domin maganar da ya faɗa maka ita ce wadda nake ji kusan kowane mako a garejina, har ta ishe ni.

Lissafin farko na kawuna ne. Hilux mai ƙofa huɗu kujerar mutum biyar gare ta, kowace da bel ɗinta, ku kuwa ku bakwai ne. Da a ce ku biyar ne, da ban yi jinkirin ce maka ka ɗauki Hilux ba, saboda irin tafiyarku tafiyar a-kori-kura ce: janareta, jarkar fetur, tukunyar gas, tabarmi masu laka, kifin da aka sayo a bakin Matan Fada, duk waɗannan sun fi dacewa da bodi, inda warinsu da tururinsu ba za su haɗu da numfashin kowa ba. Tana ɗaukar lodin da ya kusa kai tan guda, kuma idan girbi ya zo za ta kwaso maka buhunan shinkafa. Aibinta ga fasinja shi ne sifirin ɗin bayanta na faifayen ƙarfe ne, an yi shi don nauyi, saboda haka idan bodin ba kaya takan yi ta tsalle a kan gargada, kuma kujerar bayanta a miƙe take, ga matsi. Prado tana da sifirin mai murɗi, tafiyarta ta fi laushi, akasarinta kuma kujera bakwai ne. Da yake ku bakwai ne, ita ce taka.

Yanzu ga maganar rumfa da katifa. Bodin a-kori-kura akwatin kaya ne. Kamfanin da ya ƙera motar ya ƙarfafa ɗakin direba da ginshiƙai, ya sa bel, ya sa jakar iska mai kumbura ta tare mutum idan an yi karo, ya tsara gaban motar yadda zai lanƙwashe ya shanye duka kafin ya iso ga mutum. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu shi a baya. Wanda ke zaune a bodi yana tafiya da gudun motar, kuma ranar da motar ta tsaya farat ɗaya shi ba zai tsaya ba. Mota mai gudun kilomita 60 a awa idan ta daki abin da ba ya motsi, jikin da ba a ɗaure ba yana cin karo da ƙarfin da ya yi daidai da faɗowa daga tsawon mita 14, wato kamar daga saman bene mai hawa huɗu. A gudun kilomita 80 tsawon ya kai mita 25. Wane direba ne yake bin hanyar Kalgo zuwa Bunza, ko ta Jega zuwa Koko, a ƙasa da 80? Katifar soso ba ta hana komai a wannan lissafi. Hasali ma tana ɗaga yaro sama, ta rage ɗan tsawon bangon bodin da zai tare shi.

Kuma ba sai an yi karo ba. Shekarun baya an jawo mini wata Hilux da aka ce ta yi haɗari. Na zagaya ta sau biyu ina neman inda ta bugu, ban ga komai ba sai fitila guda da ta tsage da ɗan karce a madubi. Akuya ce ta gitta, direban ya kauce ya taka birki, tayar baya ta sauka gefen kwalta ta dawo. Mutum huɗu da ke cikin ɗakin motar ko ƙwarzane ba su yi ba. Da na leƙa bodin sai na ga katifa a naɗe a kusurwa, da kular abinci a kife, da silifas ɗin yaro ƙafa ɗaya maƙale a ƙugiyar ɗaure kaya. Mai silifas ɗin yana asibiti da karaya a ƙugu da rauni a kai. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau yana ɗingishi, kuma mahaifinsa bai sake iya shiga motar ba, ya sayar da ita.

Idan na faɗi haka sai a ce ai shi ya sa ake yin rumfa da benci. Na sha kwance irin waɗannan bencina. Mai walda yakan huda falankin bodin, wanda siririn ƙarfe ne, ya zura noti huɗu, ya shafa fenti, ya karɓi kuɗinsa. Babu wanda ya gwada abin, babu bel, kuma idan motar ta kife rumfar bututun ruwa da aka lanƙwasa ba za ta ɗauki nauyin mota mai kusan tan biyu ba, sai dai ta ruguje a kan waɗanda ke ƙarƙashinta. Ga kuma kayan da aka haɗa su da yaran. Janareta da tukunyar gas da jarkar ruwa mai lita 25 su ma suna tafiya da gudun motar, su ma za su tashi, kuma ba su san ɗan mai gida ba.

Rumfar tana jawo wata masifar da mutane ba su ma san da ita ba. Idan mota tana gudu, iskar da ke bayanta takan juya ta dawo, ta kwaso hayaƙin salansa ta tura shi cikin bodin da aka rufe, ta ƙofar baya ko ta tsagar tamfol. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau sama da 200. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da amai, da barci. Uban da ke tuƙi ya dubi madubi ya ga yara sun kwanta shiru sai ya ce gajiya ce, alhali gilashi da ƙarfe sun raba shi da su, ko sun kira ba zai ji ba. Tun da muna kan wannan iskar: ita ce dai ke fita daga janareta, saboda haka a masauki a ajiye shi nesa da tanti, ta inda iska ke kwashe hayaƙin, kada a shiga da garwashi cikin tanti don sanyin hunturu, kada kuma wani ya kwana cikin mota da inji a kunne don ya sha sanyin na'ura.

Hujjar da ta fi ƙona mini rai ita ce, "ai kowa haka yake yi." Gaskiya ne muna ganin a-kori-kura maƙare da 'yan biki, da 'yan kasuwa ranar kasuwar Jega, da magoya bayan 'yan siyasa suna lilo da ƙafa a waje. Waɗanda suka isa lafiya su muke gani washegari. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel tun 2003, amma sai ka ga an tsare direba a shingen bincike ana ta jayayya a kan takardar da ta ƙare da kwalbar kashe gobara, ga yara shida a bodi suna kallon jami'in, a ƙarshe a ɗaga masa hannu ya wuce da su. Wucewa shinge lafiya ba shaidar komai ba ce. Sai kuma mai cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Yaro ɗan shekara 12 ba shi ya zaɓi inda zai zauna ba, uba ne ya zaɓa masa, uban kuma za a tambaya. Dillali dai da ya karɓi la'adarsa ya gama da kai.

Kada kuma a gyara ɓarna da ɓarna, a ce to a cusa yara biyar a kujerar bayan Hilux, autar a cinyar Hajiya a gaba. Hannun uwa ba ya iya riƙe yaro a karo, komai ƙaunarta, jakar iskar gaba kuma tana fashewa da ƙarfin da aka auna don babban mutum. Autarku wurinta kujerar yara ce ta musamman da ake ɗaurewa a layin tsakiya na Prado.

Prado ma tana da nata sharaɗin, kuma gara ka san shi kafin ka biya. Da zarar an buɗe kujerun layi na uku don a zauna, but ɗin ya kusa ƙarewa, abin da zai shiga bai wuce 'yan jakunkuna ba. Nauyin da aka yarje mata, mutane da kaya gaba ɗaya, yana tsakanin kilo 600 da 700 a yawancin samfura, wasu ma ƙasa da haka. Ku bakwai za ku cinye kusan rabinsa, jarkar ruwa huɗu kilo 100 ne, ka ga saura bai taka kara ya karya ba. Nan ne mutane ke komawa kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, su jibga komai a rufin mota, wanda yawanci ba a yarje masa fiye da kilo 100 ba. Jif dama doguwa ce, nauyi a samanta yana sa ta saurin kifewa a kwana ko wajen kauce wa rami. Tanti da tabarmi da gidan sauro su hau sama, masu nauyi su zauna ƙasa a ɗaure. Fetur da gas kada su shiga ɗakin da yara suke, musamman a zafin Maris da Afrilu na Kebbi. Tun da gonar taka ce, mafi sauƙi shi ne janareta da jarkoki da tukwane su zauna can wurin mai gadin gona, ko ka ba motar haya su riga ku isa. Kuɗin hayar sau uku ko huɗu a shekara ba zai kai ko kusa da asarar sayen motar da ba ta ɗauke ku ba.

Ta fuskar shiga yashi da laka, kusan kunnen doki suke. Prado ƙafafunta huɗu suna ja kullum, Hilux kuwa sai ka sa mata giyar taimako, kuma dole ka cire ta idan ka hau busasshiyar kwalta, in ba haka ba za ka wahalar da giyabos. Dukansu iyakar zurfin ruwan da aka ce su shiga bai wuce santimita 70 ba, shi ma ruwa mai kwance, don haka idan fadama ta cika da damina a bar mota a tudu. Idan wani ya kawo maka Sequoia ko Land Cruiser mai silinda takwas da araha, ka tuna tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 arahar tasu a wurin saye kawai take. Batun tsaro kuma ka fi ni sanin yankinku: a kwana kusa da gari da sanin mai gari, a bar tafiyar dare.

Ranar da za ka je duba Prado ɗin, ka tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, ka kuma tafi da manyan yaran biyu su shiga layi na uku su zauna, domin wurin ƙafa a can ƙarami ne, kuma ɗan shekara 14 kullum ƙara tsawo yake yi. Ka jawo kowane bel har ƙarshensa, ka fizge shi da ƙarfi ka ga ko zai cije, ka sa shi a makullinsa ka ji ya yi ƙas. A motocin hannu na layi na uku ne aka fi samu a yanke, ko an tura makullan ƙarƙashin kujera sun yi tsatsa. Ka kunna mota ka lura da fitilar jakar iska: ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu, idan ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne don a ɓoye matsala. Sannan ka duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke jikin kowace taya, har da safaya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Idan sun haura shekara biyar, ka cire kuɗin sababbi daga farashin tun a wurin ciniki.