Game da neman aiki a kamfanonin ƙera sassan mota

Ɗan'uwa, ka ce ka kammala HND a fannin injiniyancin injuna, ka kuma ji ana cewa kamfanonin da ke yi wa masu haɗa mota sassa sun fara ɗaukar ma'aikata, shi ne kake tambayar gaskiyar maganar da abin da suke nema. Na yi shekaru ina aikin tona, wato feƙe ƙarfe da inji, a wata ƙaramar masana'anta a Kakuri da ke Kaduna, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Tun da masana'antar PAN (Peugeot Automobile Nigeria) ta fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, masu cin abinci a bayan katangarta suna da yawa, domin kujeru, batir, lagireto da salansa duk wasu ne ke yin su. Bayan SAP, wato tsarin sauya fasalin tattalin arziki na 1986, naira ta karye, motocin Kwatano suka cika gari, oda ta yi ta raguwa har muka koma yi wa masu injin niƙa gyara. Michelin a Fatakwal da Dunlop a Legas ma sun daina yin taya kafin 2010.

Yanzu akwai motsi. Innoson na aiki a Nnewi, Dangote ya fara haɗa Peugeot a Kaduna a 2022, sannan cire tallafin fetur a 2023 ya buɗe sana'ar mayar da motoci su koma amfani da gas. Sai dai ka lura, muddin sassan suna zuwa a kwantena ana ɗaure su kawai, mai ƙera sassa a gida bai samu komai ba, saboda haka guraben ba su kai yadda ake yayatawa ba.

Inda suke, hannu ake dubawa kafin takarda. Na sha zama a gwajin ɗaukar aiki: za a miƙa wa yaro zane da ɗan ƙarfe da maikuromita, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, a ce ya auna, kuma a nan masu kyakkyawan sakamako da dama suke tsayawa, abin da ke ba ni takaici domin ba laifinsu ba ne kaɗai. Wanda ya iya karanta zane, ya iya saita injin CNC (mai yankan ƙarfe da umarnin kwamfuta), ya san walda da wayarin ɗin mota, ba ya daɗewa a zaune. Da ni ne kai, kafin in raba takardun neman aiki, sai in yi wata shida a gaban injin tona, ko da a Panteka ne, kasuwar maƙera ta Kaduna.