Tambaya da Amsa: Ciwon Sukari da Tarin Fuka a Jiki Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya daɗe yana fama da ciwon sukari, kwanan nan kuma aka gwada kakinsa aka ce yana da tarin fuka. Tun da ya fara shan maganin tarin sai sukarinsa ya hau, alhali bai fasa shan ƙwayoyinsa na sukari ba. Shin sukarin ne ya jawo masa tarin, kuma ko ya dakatar da sabon maganin? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kafin komai, kada ya dakatar da maganin tarin, domin yanke shi a tsakiya na iya sa cutar ta dawo da taurin kai, har maganin farko ya daina yi mata aiki.

Ciwon sukari ba ya haifar da tarin fuka da kansa. Ƙwayar cuta ce ke kawo tarin, wadda wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya gano a 1882, kuma ta iska ake shaƙar ta idan mai ɗauke da ita a huhu ya yi tari. Mutane da yawa suna rayuwa da ita a kwance shekara da shekaru, saboda garkuwar jiki ta killace ta, amma idan sukari ya daɗe a sama sai ƙwayoyin jinin da ke wannan tsaro su yi rauni, cutar ta samu damar tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin kamuwa da tarin fuka ga mai ciwon sukari ya ninka na wanda ba shi da shi sau biyu zuwa uku, shi ya sa tun 2011 ta ba da shawarar a riƙa gwada sukarin mai tarin, a kuma bincika tari ga mai sukari. Wannan shawara tana da muhimmanci a ganina, domin rama da kasala suna cikin alamomin cututtukan biyu, kuma sau da yawa akan ɗora wa sukari laifi har tarin ya yi nisa.

Hawan sukarin Baba kuwa yana da dalili biyu. Ciwon tarin kansa yana tayar da sukari, sannan rifampicin, ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake sha a watanni biyun farko, yana sa hanta ta yi saurin kawar da wasu ƙwayoyin sukari irin su glibenclamide, ta yadda ƙarfinsu zai ragu ko da ana shan su a kan ƙa'ida. Don haka a sanar da likitansa duk abin da yake sha, domin wataƙila a ƙara masa adadin, ko a mayar da shi kan allurar insulin na ɗan lokaci. A kuma tambaya game da bitamin B6, saboda isoniazid, wani daga cikin magungunan tarin, yana taɓa jijiyoyin ƙafa, waɗanda dama sukari kan lalata, bitamin ɗin kuma yana taimakawa wajen kare su.

Rifampicin zai ci gaba har ƙarshen watanni shida na magani, kuma idan an kammala shan shi, lallai a sake duba adadin maganin sukarin da aka ƙara, don kada sukarin ya faɗi ƙasa fiye da kima.