Kuɗin rubuta labarin fim: halal ne ko haram?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga unguwar Zariya nake, nan Maradi. Shekara 4 ke nan ina rubuta labarin fim mai dogon zango, ina tura wa furodusoshi a Kano, wani kuma samarinmu na nan su ɗauka su ɗora a YouTube. Da shi nake riƙe iyalina. Yanzu Baba ya daina cin cefanena, ya ce kuɗin ƙarya ne. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya saka wa mahaifinka da ya tsaya kan abin da zai shiga cikinsa.

Ƙarya ita ce ka faɗi abin da bai faru ba don a ɗauka ya faru. Mai kallon fim kuwa ya san shiri ne. Ga Maƙamatul Hariri da muke karantawa a zaure: taurarin labaran littafin, Abu Zaid da Harisu ɗan Hammam, ba a taɓa haihuwarsu ba, Hariri ne ya ƙago su. Ya rasu tun 516 bayan hijira, malamai ba su fasa karantar da littafin ba. Bukhari ya kawo a Adabul Mufrad cewa waƙa kamar zance take, mai kyanta mai kyau ce, mummunarta mummuna. Nan ne ma'aunin rubutunka. In ya tsarkaka, ladanka ijara ce halattacciya, wato kuɗin aikin da aka ɗauke ka ka yi.

Abin da nake ji maka tsoro daban ne. Komai daga alƙalaminka yake farawa. Ka rubuta "ya riƙe hannunta", gobe a wurin ɗauka wani namiji zai riƙe hannun wadda ba muharramarsa ba, kai ka sa shi. Haka nuna boka aikinsa ya ci, ko ƙawata alfasha, alhali aya ta 19 a Suratun Nur ta yi kashedi ga masu son ta yaɗu cikin muminai. Akwai kuma wanda marubuta ke rainawa: ka kwashe sirrin gidan maƙwabci, ka sauya suna kawai, duk unguwa ta gane shi. Wannan giba ce da tonon asiri.

Abin da darakta ya cusa bayan ka miƙa, kamar rawar cuɗanya, ba da saninka ba, ba ya wuyanka. In kuwa ka san halinsa ke nan, malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Ka gindaya masa sharaɗi a rubuce. Ya ƙi, nemi wani.

Baba kuma kada ka ja da shi. Ɗauki rubutunka guda, ka durƙusa gabansa bayan la'asar, ka karanta masa daga farko har ƙarshe. Duk layin da ka ji nauyin karantawa a gabansa, ka goge shi.

Wallahu a'alam.