Asibitin Gwamnati Ko Masu Ba Da Shawara Na Coci? Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, wata uku ke nan ba na samun barci, abinci ya fita raina, kuma nakan yi kuka babu dalili. Cocinmu na da sashen ba da shawara, asibitin gwamnati kuwa sai an daɗe ana jira. Ina zan fara zuwa?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Idan irin waɗannan alamu suka wuce mako biyu suna damun mutum kusan kullum, mukan zargi ciwon damuwa mai tsanani, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2023 cewa ya shafi mutane kimanin miliyan 280 a duniya. Ki fara da asibiti, domin ƙarancin jini da matsalar tayiroid, wato ƙullin da ke gaban wuya, kan kawo kasala da baƙin ciki iri ɗaya, kuma gwajin jini ne kaɗai zai bambance su. Kafin lokacin ganin likita ya zo, zama da mai ba da shawara na coci zai rage miki kaɗaici, amma ki tambaye shi abu biyu: wane horo ya samu, kuma wa zai ji abin da kika faɗa masa. Na taɓa duba wata baiwar Allah da ta daina zuwa ibada gaba ɗaya, saboda sirrin da ta faɗa a ɗaki ta ji an karanta shi a cikin roƙon addu'a gaban jama'a. Niyyar mai karantawar kyakkyawa ce, amma raunin ya daɗe bai warke ba. Ma'aikacin asibiti kuwa ƙa'idar aikinsa ta wajabta masa riƙe sirri, sai dai idan rai na cikin haɗari.

Tambaya: Ɗana na shan maganin damuwa, an shawarce mu a coci ya daina, ya dogara ga addu'a. Mu yarda?

Amsa: Baba, ina roƙonka kada a dakatar da maganin sai da sanin likitan da ya rubuta shi. Waɗannan magunguna kan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, kuma yanke su farat ɗaya na iya jawo jiri, tashin zuciya, rashin barci, har da dawowar ciwon. Addu'a ba ta hana shan magani, kuma fastoci da yawa sukan fahimta idan likita ya yi musu bayani da izinin mara lafiya. Idan ɗanka ya fara maganar kashe kansa, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, a kai shi sashen gaggawa a ranar.

Tambaya: Ina tsoron likitan ƙwaƙwalwa zai raina imanina.

Amsa: Malama, hanyar jinya ta tattaunawa da aka fi amfani da ita, wadda Aaron Beck ya samar a Amurka a shekarun 1960, tana koya wa mutum gane tunanin da ke danne shi ne da yadda zai sauya shi, ba ta neman kowa ya bar addininsa. Ki faɗa wa likitan tun zaman farko cewa imaninki na da muhimmanci a gare ki, kuma idan bai mutunta hakan ba, ki nemi a haɗa ki da wani.